Ba Haka Yake a Littafi Ba

A layinmu babu wanda ya san shi da wani suna sai Ba-Haka-Ba. Sana'arsa ɗinkin littafi. Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai buga takardu, kuma idan mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a karkace. A ciki akwai injin matsi na ƙarfe mai hannu kamar sitiyarin mota, da wuƙar datse takarda, da tukunyar gam da ba ta rabuwa da ɗumi, da ƙullin zare a rataye jikin ƙusoshi. Babban yatsansa na hagu ya baje kamar cokali. Injin ne ya matse shi tun yana koyon aiki.

Na fara saninsa ina ɗaliba, lokacin da na kai masa kundin bincikena ya yi masa bango. Bayan shekaru masu yawa na koma shagon, na roƙe shi ya yi wa 'yata ƙarya. 'Yar tawa, Auta, ta rasu. Shi yana nan da ransa, yana ɗinki.

A wata maɗaba'a ya koyi aikin. Ana kawo musu tsofaffin takardu a buhu, su yayyanka su yi cikon bango. A cikin buhunan nan ya fara cin karo da littattafan zane, irin siraran nan masu labarin jaruman da ke tashi sama ko ɗaga mota da hannu ɗaya, shafi a rarrabe akwati-akwati, magana a cikin da'ira saman kan mutane. Sai ya riƙa tsame su kafin wuƙa ta kai kansu. Da su ya koyi karatun Turanci. Da ya buɗe nasa shagon, ya riƙa haɗa siraran nan yana ɗinke su juzu'i-juzu'i da bango mai ƙwari, ya jera su a kanta ta sama. Duk yaron da ya wanke hannu, ana ba shi aro.

Sunan kuwa a gidan sinima ya same shi. Da aka fara mai da labaran nan fim, ba ya bari ko ɗaya ya wuce shi. Zai shiga da juzu'in a hammata, ya zauna a gaba, fim bai yi nisa ba sai a ji murya cikin duhu: "Ba haka yake a littafi ba." Mutane su yi tsaki, shi ya ci gaba da bayani. An sha raka shi ƙofa. Matarsa takan ce, "Ni dai ban taɓa ganin mutumin da zai yi wanka, ya sa rigar fita, ya shafa turare, don kawai ya je a koro shi ba."

Amma ba ƙin fim yake yi ba. Ya taɓa ce mini, yana zura allura: "Labarin da aka yi shekara ashirin ana zanawa, dole mai fim ya rage. Ya rage, ban hana shi ba. Ya haɗa mutum uku su zama ɗaya, na yafe. Abin da ba na yafewa shi ne a cire abin da ƙarfin yake ci wa jarumi. Kowannensu akwai abin da yake rasawa. In ka cire wannan, riga ce kawai ka bari tana yawo a sama."

Auta ta fara zuwa shagon tana firamare, inda take jirana in taso daga aiki. Kawu take ce masa, shi kuma ya ce mata Shugaba, don ta iya ba da umarni. A duk kantar babu wadda take so kamar wata jaruma da ita da kanta ta laƙaba wa suna Ginshiƙi. Yarinya ce da za ta iya tallafe kowane irin nauyi, ko gini ne yake rushewa. Sai dai duk lokacin da ta tallafi wani abu, wani sashe na jikinta yakan zama dutse, kuma ba ya komawa. Daga yatsun hannu abin ya fara.

Auta tana aji biyar a sakandare ciwon kai ya kama ta. Ƙari ne a cikin kai. An yi aiki, an yi magani, ya lafa, ya dawo. Idonta ya fara dushewa, har ya zama haske da duhu kawai take bambancewa. Daga baya hannunta na hagu ya daina jin taɓi. Wata rana likita ya kira ni da mahaifinta ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya ce mu kai ta gida mu kula da jin daɗinta. Mun gane abin da yake nufi. A mota muka yanke shawara ba za mu gaya mata ba. Muka ce mata an dakatar da magani ne sai ƙarfinta ya dawo. Na hana kowa ambaton mutuwa a gidan, ko ta maƙwabci ce.

Juzu'i ɗaya ya rage mata a labarin Ginshiƙi, na ƙarshe, wanda ya iso bayan idonta ya tafi. Kawu ya riƙa rufe shago da wuri ya zo ya zama idonta. Yana da hanyarsa. Zai ce, "Shafin hagu. Akwati na farko dogo ne, ya cinye rabin shafi. Sama ruwan toka. Ga ta can ƙasa, ƙarama kamar tururuwa." Sai ya karanta maganar da ke ciki, ya wuce akwati na biyu. Ba ya tsallake ko inuwa.

Wata rana ya bar juzu'in a gidanmu, na buɗe ƙarshensa. Na ga abin da ya faru da Ginshiƙi. Washegari na mayar masa, na ce kada ya sake kawo shi. Ya tambaye ni me zai ce wa Shugaba. Na ce ya ce ɗinkin ya warware, ana gyara. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗauki wuƙa ya tsinke zaren juzu'in a gabana, shafukan suka zube kan tebur.

"To, ya warware," in ji shi.

Da haka muka samu ɗan lokaci. Sai fim ɗin Ginshiƙi ya fito. Ƙawayenta na makaranta suka riƙa turo mata saƙon murya, ta kafe sai an kunna mata fim ɗin, kuma sai Kawu ya zauna ya faɗa mata abin da ke allo. Shi ya riga ya gani a sinima. Na tambaye shi ƙarshen, ya ce a fim ba ta mutu ba: bayan ta zama dutse, dutsen ya tsage, ta fito da rai. Ya faɗa kamar mai ba da labarin sata. Ni kuwa sai na ji numfashina ya dawo.

Na same shi a shago yana ɗinka wa wani ɗalibi kundi.

"Malam, idan an kai ƙarshe za ta tambaye ka."

"Za ta tambaya."

"Ka ce mata haka yake a littafi."

Bai ɗago ba. Ya ja zaren, ya ɗaure, ya sake zura allura.

"Maman Auta, kin san abin da kike nema kuwa?"

"Kalma biyu nake nema."

"Yarinyar nan ta san ni."

"Shi ya sa za ta yarda. In ni na faɗa ba za ta yarda ba. Malam, hannunta na hagu ya tafi. Kullum tana taɓa shi da na dama tana cewa ta fara zama Ginshiƙi, tana dariya. Kana so ta ji inda labarin ya ƙare?"

Ya ajiye allurar. Ya goge hannu a jikin rigar aikinsa, ko da yake babu abin da ya taɓa.

"Zan faɗa," in ji shi. "Ki ce wa Abbanta ya biyo ta nan bayan azahar."

Mun mayar da gadonta falo, kusa da taga, don tana son jin motsin titi. Abbanta ya zauna a kujera da rimot. Kawu ya jawo ƙaramar kujera kusa da kanta. Ni na tsaya jikin ƙofar kicin, ina riƙe da kofin da ban san me ya sa na ɗauko shi ba. Dokar Auta ita ce, idan ta ɗaga hannun dama a tsayar da fim.

"Abba, kada ka yi barci fa. Kai ne direba."

"Ni da barci? Ni da na zo kallon yarinya mai ɗaukar gida?"

"Gada, Abba. Gada."

"To ai gadar ma gidan wani ce."

Aka fara. Kawu ya riƙa faɗin abin da ke allo cikin murya ƙasa-ƙasa, yana cusa bayaninsa a tsakanin maganganun 'yan wasa. Ba a yi nisa ba ya ce Abba ya tsayar.

"Takalminta ja ne."

"A littafi fa?" in ji Auta.

"Ruwan ƙasa, irin na ma'aikatan gini, igiya ɗaya a tsinke. Nan sun ba ta mai tsini. Da me za ta tallafi bene, da rawa?"

Ta yi dariya har ta yi tari. Na matso da kofin, ta kau da kai.

Aka ci gaba. Ya tsayar saboda sun ba ta saurayi, alhali a littafi ko sau ɗaya ba ta samu lokacin duba madubi ba. Ya tsayar saboda sun cire ƙaninta gaba ɗaya sun sa kare a wurinsa.

"Kare, Kawu?"

"Kare, Shugaba. Mai kunne ɗaya a kwance. Yaron da ya yi juzu'i shida yana ba ta abinci a baki don yatsunta sun sandare, sun mai da shi kare."

"Ai karen ma yana da kirki," in ji Abba.

"Kai dai ka riƙe rimot ɗinka, Alhaji. Ba a tambayi direba ra'ayinsa kan kaya ba."

Na lura ƙorafinsa ya fi na kullum yawa. Ya tsaya a kan launin sama, ya tsaya a kan gashinta, ya tsaya a kan wata taga da aka sa a hagu maimakon dama. Na gane dabararsa: yana so ya nuna mata shi ne dai Kawun da ta sani, don idan ya zo ya ce haka yake, ta karɓa. Duk lokacin da fim ya tsaya, sai in ji ƙarar agogon bango. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, ga fanka tana juyawa.

Sai aka zo gadar. Ƙafar gadar ɗaya ta karye, jirgin ƙasa cike da mutane yana tahowa. Kawu ya daina ƙorafi. Ya ce Ginshiƙi ta shiga ƙarƙashi ta sa kafaɗa. Ya ce dutsen ya haura gwiwarta, ya kai ƙugu. Ya ƙirga mata taragu suna wucewa. Auta ta kama gefen bargo da hannun dama. Ya ce ya kai wuya. Ya ce ya rufe fuska. Kiɗan ya ɗauke, falon ya yi tsit.

Sai aka ji ƙarar tsagewa, kiɗa ya tashi da ƙarfi.

"Dutsen ya tsage daga goshi," in ji Kawu. "Haske yana fitowa. Ya farfashe. Ga ta ta fito. Jikinta duk ya koma na mutum, har yatsun. Saurayin ya rugo. Karen ma ya rugo."

Auta ta ɗaga hannu. Abba ya tsayar. Hoton ya daskare a kan fuskar yarinyar tana murmushi, gashinta a gyare.

"Kawu."

"Na'am, Shugaba."

"Haka yake a littafi?"

"Haka yake."

Ya faɗa sarai, muryarsa ba ta yi rawa ba. Na saki numfashi a hankali don kada ta ji.

Idanunta suna kallon wajen taga, inda hasken yake.

"A wane shafi? Hagu ko dama?"

"Dama."

"Akwati nawa?"

"Uku. A'a, huɗu."

"Sama wane launi?"

Ya buɗe baki, ya rufe. Mutumin da zai iya gaya maka launin maɓallin rigar ɗan sanda a juzu'i na biyu.

"Shuɗi," in ji shi.

"Kawu, ka tsayar da fim saboda igiyar takalmi. Ka tsayar saboda taga. Yanzu mutum ya zama dutse, ya fashe, ya fito kamar daga wanka, har yatsun sun dawo, kai kuma ba ka da abin cewa? Kai da ka ce in an cire abin da ƙarfin yake ci, riga ce kawai ta rage?"

"Auta, bari a gama mana," in ji Abba. "Ina so in ga ko an ba karen lambar yabo."

"Abba, don Allah."

Abba ya mayar da idonsa kan rimot.

"Kawu, ina sake tambayarka. Haka yake?"

Ya juyo ya dube ni. Bai roƙe ni da ido ba, dubawa kawai ya yi. Na girgiza kai kaɗan. Ya mayar da fuskarsa gare ta.

"Haka yake, 'yata."

Bai taɓa kiranta da haka ba. Na ga leɓenta ya motsa. Ba ta ɗaga murya ba.

"To. Kai ma ke nan."

Ta yi ƙoƙarin juyawa bango. Hannun hagun ya maƙale ƙarƙashinta, na taho in gyara mata, ta ce in bari. Da kanta ta jawo shi da na dama, ta kwanta ta ba mu baya.

"Likita yana magana a waje, ku dawo ku ce ba komai," in ji ta, fuskarta a bango. "Ƙawayena su zo suna kuka a ƙofa, su shigo suna dariya. Ina ji, ai kunnena bai tafi ba. Na ce ba komai, ina da Kawu. Shi ko a sinima ya gwammace a kore shi da ya bar ƙarya ta wuce." Ta ja numfashi. "Ka tafi, Kawu. Na gode da fim."

Ya miƙe. Gwiwarsa ta yi ƙara. Ya mayar da ƙaramar kujerar inda ya ɗauko ta, ya ɗauki hularsa, ya nufi ƙofa. Na san idan ya fita ba za ta sake nemansa ba. Na san halinta, ni na haife ta. Abbanta ya sunkuyar da kai, rimot a hannu. Kawu ya kama hannun ƙofa.

"Malam," na ce. "Dawo ka faɗa mata."

Bai juyo nan da nan ba.

"Duka?"

"Yadda yake."

Ya dawo, bai ɗauki kujera ba, ya durƙusa a gefen gadon. Babu littafi a hannunsa, ba ya kuma buƙatarsa.

"Shugaba, na yi miki ƙarya. Ba haka yake ba. Shafi huɗu ne na ƙarshe, babu magana ko ɗaya a cikinsu."

Ba ta juyo ba, amma kafaɗarta ta daina motsi.

"Shafin hagu. Taragon ƙarshe ya wuce. Dutsen ya kai mata haɓa. Idonta ɗaya a buɗe, tana kallon fitilar bayan jirgin. Akwati na ƙasa, idon ma ya zama dutse. Shafin dama, wuri ɗaya ne aka zana sau uku: da rana, da ruwan sama, da rana kuma. Ba ta motsa ba. In an juya, ma'aikata sun zo gyaran gada. Sun gina sababbin ƙafafu a gefenta, ba su ɗauke ta ba. Shafi na ƙarshe akwati ɗaya ne, ya cika shafin. Safiya ce, mutane suna wucewa ƙarƙashin gada za su aiki. Wata mata da jaka a kafaɗa ta ɗora hannu a ƙafar dutsen tana gyara takalmi, ko dubawa ba ta yi ba. Sama fari ne, kamar mai zanen bai shafa masa komai ba. Shi ke nan."

A titi wata mota ta wuce tana hon. Auta ta juyo a hankali.

"Ta ji tsoro?"

"Mai zanen ya zana hannunta yana rawa kafin ya sandare. Layi biyu ƙanana a gefen yatsu. Ina jin ta ji."

"Ita kaɗai ce a wurin?"

"A'a. Ƙaninta yana ƙasa, ya rungume ƙafarta tun daga farko har ƙarshe. Shi ne suka mai da kare."

Ta yi wata 'yar dariya, hawaye yana gangara zuwa kunnenta.

"Wannan ya fi," in ji ta. Sannan ta miƙo hannun dama cikin iska, wajen da take jin ina tsaye. "Umma. Ranar da kuka daɗe a ofishin likita, me ya ce?"

Abbanta ya kashe talabijin. Kawu ya miƙe ya fita, ya ja ƙofa. Na ajiye kofin, na zauna a bakin gado, na kama hannun da yake jin taɓi. Na gaya mata abin da likita ya ce, da kalmomin da ya faɗa, ban rage ba. Ta yi tambayoyi, na amsa waɗanda na sani, waɗanda ban sani ba na ce ban sani ba. Abbanta ya zagayo ɗaya gefen ya zauna a ƙasa, ya kifa kai a katifa, ita ce ma ta riƙa ce masa ya isa haka.

Da ta yi barci na fito. Na ɗauka Kawu ya tafi. Yana zaune a kan matakala, hula a gwiwa. Ya miƙe da ya gan ni.

"Ki yafe mini, Maman Auta. Na yi iya ƙoƙarina. Da na san za ta tambayi launin sama, da na shirya."

Na ce masa Auta ta ce ya dawo gobe, akwai juzu'i na uku da take so a sake mata daga farko.

Ya dawo. Kullum bayan azahar yakan rufe shago ya zo, har ranar da muka aika masa cewa ba sai ya zo da littafi ba.